Kurungu a Ɗakin Taiba

Taiba ta yi ɓari sau biyu kafin wannan cikin. Shi ya sa ranar da likita ta duba ta a asibitin Talata Mafara ta ce ta koma gida ta kwanta, ban da daka, ban da jan guga, ban da hawan babur har Allah Ya sauke ta lafiya, babu wanda ya ja da maganar. Mijinta Nasidi ya sauke katifa daga kan gado ya shimfiɗa mata a ƙasa gefen taga, don kada hawa da sauka su wahalshe ta. Surukarta, Inna Hindu, ta karɓe girki da shara. Cikin yana wata huɗu a lokacin, sanyi ya soma janye jiki, zafi yana leƙowa.

Kwanciya aiki ce ga wanda bai saba ba. Taiba 'yar masunta ce daga Maradun, ta tashi tana ɗaukar kwandon kifi daga bakin ruwa tana hura wutar banda, ba ta san zama wuri ɗaya ba. Yanzu ga ta, daga ita sai rufin ɗaki. Ta san lokacin da hasken taga yake sauka kan akwatin kayanta, da lokacin da yake barinsa ya hau bango. Rediyo ya gundure ta, waya ta gundure ta. Amma shiru ya fi su muni, domin a cikin shirun ne take kasa kunne ga jikinta, tana jiran wani ciwon mara da ta riga ta sani, wanda sau biyu yana zuwa ya tafi da abin da take so.

Nasidi manomin shinkafa ne. Gonarsa tana wajen Bakura, cikin filayen da ke shan ruwan dam ɗin Bakolori ta kanal. Mutum ne mara yawan magana, irin wanda in abu ya dame shi sai ya nemi aikin hannu. Wata rana aka rufe ruwan ƙaramin kanal ɗinsu za a yashe shi. Ruwa ya janye ya bar 'yan kududdufai cikin laka, a ɗaya daga ciki ya ga wasu ƙananan kifaye suna mutsu-mutsu, rana tana shirin gamawa da su. Ya yanke bakin wata tsohuwar jarka, ya kamfato su da ruwansu, ya ɗaure a bayan babur.

Da la'asar sakaliya ya shigo ɗakin da sallama, ya ajiye jarkar gaban katifa.

"Sannu da zuwa, Malam. Mi na na cikin jarka?" in ji Taiba.

"Baƙi na kawo miki."

Ta ɗan ɗaga ta leƙa. Su biyar ne, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, sun lafe a gindin jarkar.

"Kurungu na," ta ce. "Waɗanga ko miya ba su yi, ƙaya zalla gare su."

"Ba don miya ba. Na ishe su suna mutuwa cikin laka, na kasa wucewa. Na ce ke ɗiyar ruwa ce, ƙila ki san yadda za a yi da su."

Taiba ta yi murmushi, karo na farko a ranar. Ta san yadda ake karya ƙayar kurungu kada ta soki mutum, ta san yadda ake jera shi kan wayar banda, ta san ƙarar nan da yake yi kamar tsohuwar ƙofa in an fitar da shi daga ruwa. Yadda ake rayar da shi kuwa, ba ta taɓa jin wanda ya tambaya ba.

Da farko a robar wanki aka zuba su, sabuwa wadda sabulu bai taɓa ba. Sai dai daga sama ba a ganin komai sai baƙin bayansu, kuma kafin ta gani sai ta sunkuya, abin da aka hana ta. Nasidi ya lura. Ya tafi wurin abokinsa Auwalu mai haɗa tagogin gilashi a bakin tasha. Daga ragowar gilashin da ya yanka wa wani gini, Auwalu ya haɗa akwati mai tsawon kamu biyu, ya liƙe kusurwoyinsa da gam ɗin gilashi, ya ce a bar shi a inuwa har warin ya fita. Da ya bushe suka ɗora shi kan wani gajeren benci daidai saitin idon Taiba in tana kwance a gefenta na hagu.

Ba su iya ba tun farko. Nasidi ya ɗebo tsakuwar gini ya zuba a ƙasan akwatin don yana ganin ta fi kyau. Ba a jima ba Taiba ta ga gashin bakin kifayen yana gajarcewa, bakin ɗaya ma ya yi ja.

"Malam, tsakuwar ga tana yanka su," ta ce. "Da baki suke tonon abinci. A gulbi ai rairayi suka sani."

Washegari ya dawo da rabin buhun rairayi mai laushi daga gulbin Bakura, ya yi ta wanke shi a tsakar gida har ruwan ya daina fita da datti. Ta sa ya nemo wani tulu da ya fashe a bayan madafa, ya kwantar da shi a ciki don su sami wurin ɓuya, domin kurungu ba ya son haske. Wani mai kiwon tarwaɗa a gari ya ba shi shawarar ɗan injin iska mai hura kumfa cikin ruwa, ya samo, ya haɗa shi da batirin solar da suke cajin waya. Abincinsu tana ce da yake tonowa a gefen gona, da 'yan ƙwayoyin abincin kifi masu nutsewa. Duk ranar Talata, in ya dawo kasuwa, sai ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya mayar da na rijiya wanda ya kwana a randa.

Daga nan kwanakin Taiba suka sauya kama. Da hantsi kifayen suna cikin tulu, sai gashin baki kawai ke leƙowa yana lilo. In rana ta karkata sai su fito ɗaya bayan ɗaya, suna shafa rairayi da baki kamar mata masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Ashe jikinsu ba baƙi ba ne kamar yadda ta sani a kwando. Ruwan toka ne mai ɗigo-ɗigo, cikinsu fari, idonsu kuma da wani zobe kamar na zinariya. Gashin bakinsu na ƙasa yana da rassa kamar saiwar albasa. Shekara nawa tana riƙe kurungu a hannu, ba ta taɓa ganin haka ba.

Ta raɗa wa uku suna. Babban cikinsu, wanda ya mallake bakin tulu ba ya barin kowa ya shiga sai ya ga dama, shi ne Maigari. Ƙaramarsu, mai bin gefen gilashi tana kallon ɗakin kamar tana neman wani, ita ce Auta. Akwai kuma wanda in ya gaji da ƙasa sai ya tashi sama ya juya ciki sama baya ƙasa, ya yi ta yawo haka a ƙarƙashin fatar ruwa. Shi ta sa wa Birkice.

Ranar da Inna Hindu ta fara ganinsa a haka, kwanon kunu ne a hannunta. Ta tsaya ta ce, "Taiba, wanga kam ya riga mu gidan gaskiya."

"A'a, Inna, lahiyarshi lau. Haka nan yake tahiyarshi."

Tsohuwar ta ajiye kwanon, ta duƙa ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Kihi cikin ɗaki, ba na miya ba, ga shi kuma da tahiya a kihe. In da rai ba abin da ba a gani." Ta fita tana girgiza kai, amma daga ranar in ta kawo abinci takan ɗan daɗe fiye da da.

Bayan azahar ne barci yake ɗaukar Taiba, lokacin da gidan ya yi tsit, sai ƙarar kumfa kawai. Hasken taga yakan ratsa ruwan ya faɗa kan rufin ɗaki, ya yi ta rawa a can kamar ana kaɗa farin mayafi. Takan bi shi da ido har ta kasa sanin ko idonta biyu ko ta tafi. A irin wannan lokaci sai ta ji ɗakin ya cika da ruwa a hankali, ruwa mai ɗumi wanda ba ya shaƙe mutum. Nauyin cikinta ya tafi. Ta tashi ta taka, ƙafarta tana nutsewa cikin rairayi, zanenta yana binta a baya sannu-sannu. Bangon ɗakin ya matsa ya ba ta hanya. Takan wuce ta tsakanin wasu gidajen ƙasa marasa rufi, kifaye suna shiga ta ƙofa suna fita ta taga. A ƙofar wani gida akwai wata tsohuwa zaune tana sheƙar gero, amma geron ba ya faɗuwa ƙasa, sai ya tsaya cikin ruwan yana ƙyalli. Tsohuwar takan ɗago kai ta dube ta ba tare da mamaki ba, kamar wadda aka aika ta dawo. Kafin su gaisa sai kiran sallar la'asar ya tashe ta.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai lura cewa ta rage kasa kunne ga mararta. Cikin ya girma, abin da ke ciki ya fara motsi, wani lokaci a hankali kamar shafar gashin bakin kifi, wani lokaci da ƙarfi har ta ce wash.

Sai bazara ta kai maƙura. Iska ta tsaya cak, bango yana fitar da zafi kamar tanda. Nasidi yana Bakura suna yankan shinkafa, tun asuba yake fita. Wata rana da tsakar rana Taiba ta farka ta ji ɗakin ya yi wani irin shiru. Kumfa ta tsaya. Batirin ya mutu, ba ta san tun yaushe ba. Kifayen da ba sa barin ƙasa da rana duk sun taso sama suna buɗe baki, har Maigari. Auta kuwa tana kwance a gefenta kan rairayi, gashin bakinta ya daina lilo.

Taiba ta zuba mata ido. A nan ne ta tuna cewa tun safe ba ta ji motsi a cikinta ba. Ta ɗora hannu, ta danna a hankali, ta jira. Shiru.

"Inna," ta kira. Ta sake kira.

Inna Hindu ta shigo da ludayi a hannu. Ta dubi akwatin, ta dubi fuskar Taiba da hannunta a kan ciki, ta gane ba sai an faɗa mata ba.

"Auta ta mutu, Inna. Shi ma tun sahe bai motsa ba."

Tsohuwar ta zauna a bakin katifa ta kama hannunta. "Saurara, ɗiyata. Kihi daban, ɗa daban. Kowa da ranshi, kowa da kwanakin da anka rubuta mai. Kada ki haɗa abin da Allah bai haɗa ba." Ta fita ta dawo da ruwan randa mai sanyi da dabino. "Sha, ki ci wanga, ki kwanta ga hagunki. In har anka kira la'asar bai motsa ba, ni da kaina zan nemo mota mu tahi asibiti. Yanzu hwaɗa min, waɗanga sauran mi za a yi musu?"

Taiba ta share ido. "Iska suke so. A ɗebi ruwan a riƙa zubawa daga sama, ya yi kumhwa."

Inna Hindu ta sa hannu ta ɗauke Auta a tafinta ta fita da ita. Taiba ba ta tambayi inda ta kai ta ba. Tsohuwar ta dawo da ƙaramar ƙwarya da wani buhu da ta jiƙa, ta lulluɓe akwatin ta baya da gefe kamar yadda ake yi wa randa, sannan ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna. Ta kamfata, ta ɗaga hannu, ta zuba. Ta kamfata, ta zuba. Tsohuwa mai ciwon kafaɗa, wadda ko tulu ba ta iya ɗagawa, ta zauna tana yi wa kifi aiki tana salati ƙasa-ƙasa. Ƙarar ruwan ta cika ɗakin kamar ana alwala ba a gamawa.

Taiba ta rufe ido tana saurare. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ta dai ji wani abu ya juya a ƙarƙashin haƙarƙarinta, a hankali, kamar mai barci ya gyara kwanciya. Sannan ya harba.

"Inna."

Tsohuwar ba ta ajiye ƙwaryar ba, ta miƙo ɗaya hannun a jiƙe ta ɗora kan cikin. Ya sake harbawa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Zahi na ya sa shi lalaci. Ubanshi ma haka yake." Ta ci gaba da zuba ruwanta har kifaye huɗun suka koma ƙasa.

Da Nasidi ya dawo ya ji labari, bai zauna ba sai da ya samo wani batirin. Washegari kuma ya ɗauki mota suka je asibiti aka duba, likita ta ce komai lafiya, a ci gaba da kwanciya.

Bayan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, mahaifinta Malam Sambo ya zo daga Maradun. Ya daɗe yana son zuwa, sai dai hanya ba kullum take da daɗin bi ba. Dattijo ne dogo, rana ta ƙone shi, tafin hannunsa duk tabon igiyar taru. Ya kawo bandar kifi cikin kwali da man shanu daga mahaifiyarta. Nasidi ya durƙusa a zaure suka gaisa, gajiya da hanya, gida da iyali, ruwa da damina, sannan ya rako shi ɗakin ya bar su.

Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Taiba, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Kun zo lahiya? Ya su Inna?"

"Lahiya lau, suna gaishe ki."

Yana shirin zama kan tabarma idonsa ya faɗa kan akwatin. Ya tsaya a rabin zama. Rana ta karkata a lokacin, kifayen sun fara fitowa. Maigari ya leƙo daga tulu ya koma, ya sake leƙowa, sannan ya fito yana shafa rairayi.

"Kurungu," Malam Sambo ya ce, kamar mai kiran sunan wanda ya daɗe bai gani ba.

Ya ja tabarmar har gaban gilashin. Ya cire hularsa ya ajiye, ya kwantar da kai daidai saitin rairayin. Inna Hindu ta kawo fura ta gaishe shi, ya amsa, furar ta zauna inda aka ajiye ta. Ya kalli yadda suke kwantar da ƙayar bayansu in sun natsu, su miƙar da ita in sun firgita. Ya kalli biyu suna bin juna a kewayen tulu. Da Birkice ya tashi sama ya juya, sai dattijon ya yi wata 'yar dariya a maƙogwaro.

"Tun ina saurayi nake kama su," ya ce daga ƙarshe. "Ban san adadin da na kama ba. Amma kullum daga sama nake ganinsu, ko cikin taru suna kuka. An ce kihi na ganinka mai jar koma. To yau ga mai jar koma shina ganin kihi."

Sannan ya nuna tulun da yatsa.

"Uwata, kin san tsohon garinmu yana ƙarƙashin dam."

"Na sani, Baba."

"Ina yaro ruwa ya ci shi. Mu manoma ne a da, da gonakin sunka tahi ne na shiga jirgi. Na san daidai inda gidanmu yake. In na zo wurin nakan ɗaga hilahili in bar jirgi ya wuce da kanshi, ban jefa taru nan. Innata ta bar wani tulu a bakin ɗakinta, ya yi mata nauyi ranar da munka tashi. Ta yi ta zancenshi har ta rasu." Ya shafa gemunsa. "Ni duk shekarun ga duhu nake gani in na tuna wurin. Duhu da laka. Ban taɓa kawowa akwai masu shiga da hita ba. Ashe gidan da mutane."

Taiba ta dube shi. Ta so ta ba shi labarin tsohuwa mai sheƙar gero, ta buɗe baki, sai ta ga idonsa ya kawo ruwa yana murmushi, ta fasa. Ta bar shi da nasa, ta riƙe nata. Suka zauna haka, uba a tabarma, 'ya a katifa, har hasken da ke rawa a rufin ɗaki ya dushe aka kira magariba.

Kwana ɗaya ya zo yi, ya yi uku. Kullum bayan la'asar yana gaban gilashin. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Nasidi, "Kada ka sa musu koma in za ka kama su, ƙayarsu za ta sarƙe. Da ƙwarya za ka bi su."

Damina ta yi tsakiya lokacin da naƙuda ta zo, da hantsi, ana yayyafi. Aka kai ta asibiti. Ta sha wuya, amma kafin la'asar ta sauka lafiya, 'ya mace mai cikar gashi. Da aka ɗora mata ita a ƙirji, Taiba ta daɗe tana kallon yadda ƙaramin bakin yake motsi yana neman abinci tun ido bai buɗe ba. Nasidi da aka ba shi ita ya yi mata kiran salla a kunne. Ranar suna aka raɗa mata Husna.

Da yake haihuwar fari ce, a gidansu Taiba za ta yi wankan jego. Malam Sambo ya zo da mota ɗaukarta. Ana ta fitar da kaya, shi kuwa yana tsaye a tsakar gida yana juya hula a hannu, kamar mai son roƙon abu yana jin nauyi. Inna Hindu ce ta gane.

"Malam, in kihin nan kake so a tahi da su, ka hwaɗa. Ni kafaɗata ta huta."

"Ai don kada mai jego ta yi kewa," ya ce, bai dubi kowa ba.

Nasidi ya bi su da ƙwarya ɗaya bayan ɗaya ya zuba cikin bokiti mai murfi. Sun yi girma, Maigari ya kusa cika tafin hannu, ya yi ƙararsa ta tsohuwar ƙofa da aka ɗaga shi. Aka naɗe akwatin da bargo, Malam Sambo ya rungume shi a gaban mota tun daga Talata Mafara har Maradun, duk ramin da direba zai shiga sai ya ce a yi sannu.

A Maradun ba a kai akwatin ɗakin mai jego ba. Malam Sambo ya ce hayaƙin itacen wanka zai dame su, ya kafa shi a zaure. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cikin masunta. Tsofaffin da suka daina shiga ruwa, da waɗanda yanzu ba sa nisa da gaɓa, suka mai da zauren wurin hira. In an sauko la'asar sai su jeru kan tabarma, kowa da carbinsa, fuska ga gilashi.

Ɗakin Taiba yana jingine da zauren, bango ɗaya ya raba su. Da yamma, in mahaifiyarta ta gama yi mata wankan ruwan zafi da ganye ta sha kunun kanwa, takan kwanta jikinta ya yi laushi, Husna a gefenta, muryoyin suna shigowa ta saman bango. Wata rana gardama ta kaure a kan ko kurungu yana barci. Wani tsoho mai suna Bawa ya ce ba ya yi, tunda ba shi da fatar ido. Wani ya ce duk mai rai yana barci, ko tururuwa. Bawa ya ce to wa ya taɓa gani. Aka yi ta ja, har aka fara kawo labarin kakanni.

Sai ta ji muryar mahaifinta. "Ku yi shiru ku duba wancan na gindin tulu. Tun ɗazu bai motsa ba. Ku dubi gashin bakinshi ya kwanta."

Zauren ya yi tsit. Tsofaffi wajen takwas, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan ruwa, suka riƙe numfashi don kada su tashi kifi. Taiba ta kasa kunne tana jiran ta ji wanda zai fara magana. Husna ta saki nono, hannunta ya zame daga kan zanen uwarta. Har barci ya ɗauke su su biyun, ba wanda ya ce uffan a zauren.